Ramin da Alhaji Barau Ya Haƙa wa Tauraro

Kankara, 9 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ɗana Gide,

Gaisuwa mai yawa daga gare ni da iyali baki ɗaya. Muna lafiya, ina fatan sanyin ƙasar Italiya bai taɓa maka ƙirji ba. Ranar Juma'a na je Yargoje na duba Yaya Larai, mahaifiyarka. Da sauƙi, sai ƙafar nan da ke kumbura, kuma tuwo ba ta yi mashi cin kirki. Ƙanwarka Baraka tana zuwa daga Ketare ta yi mata kwana biyu ta koma.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Shekara shida ke nan da na kai ka filin jirgi a Kano. Ka ce digiri ɗaya, muka ce to. Ka ce na biyu, muka ce to. Bara ka aiko hoto da hula mai tuntu, ka ce ka zama dokta. Me kuma ya rage? Ƙasa ta buɗe, Gide. Jami'o'i ake ta buɗewa ana neman masu takarda ido rufe. Yaran da kake kayarwa a aji yau direba ke buɗe masu ƙofa. Ni da na tsaya aji uku na sakandare, na fara da dagi ɗaya da guga a Faskari, yau daga Mairuwa har Sabuwa ba a haƙa rijiyar kirki ba a zo ƙofar gidana ba. Ban faɗa don yabon kai ba, kowa ya sani.

Jiya a majalisa Malam Lawwali, limamin unguwarmu, ya tambaye ni wai me kake yi can. Na ce aikin taurari. Ya ce ashe duba aka tura ka koyo, ai da an kai ka wurin tsofaffin Maguzawan bayan dutse, da tuni ka ƙware ba ko fasfo. Aka yi ta dariya, a ƙofar gidana, ana shan shayina. Ka rubuto mani abin da kake yi da Hausar da zan iya maimaitawa, kuma ka faɗi ranar dawowa.

Ni ne kawunka,
Alhaji Barau Mai Rijiya

*

Torino, 6 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga Kawu Alhaji,

Allah ya ƙara girma. Takardarka ta same ni lafiya. A gaishe mini da Inna, a ce ta riƙa ɗora ƙafar bisa matashi. A gaishe da Baraka da yara.

Kawu, ka ce wa Malam Lawwali ba duba nake yi ba. Akwai taurari manya, wani ya yi nauyin rana goma, wani ashirin. Wutar cikinsu ce ke tokare da su. Ranar da abin ƙonawa ya ƙare, sai tsakiyar tauraron ta rufta kafin a ƙifta ido, kamar rijiyar da ba a ɗaure ba, sannan sauran jikin ya tarwatse. Mutanen zamanin da sun taɓa ganin hasken irin wannan fashewa da idonsu. Amma haske labarin fatar tauraro kawai yake kawowa. Mu cikin muke son ji.

Manzanni biyu ne ke fitowa daga can ciki. Na farko wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ake kira niyutirino. Ba abin da ke tare su, suna ratsa dutse da duniya kamar yadda iska ke ratsa raga. Kusan duk ƙarfin fashewar su ke tafiya da shi, kuma suna riga haske fitowa da sa'o'i. Na biyu wata girgiza ce da ke bi ta cikin sarari kansa, kamar zoben da ruwa ke yi in an jefa dutse a tafki. Abokan aikinmu sun rataye wani gungumen alminiyam, ya fi buhun siminti arba'in nauyi, suna jiran ya yi ɗan motsin da silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Har yau ba wanda ya tabbatar ya kama ta. Mu kuma tankuna gare mu cike da wani mai da ke ƙyallawa in niyutirino ya buge shi. In tankunanmu suka ƙyalla, gungumensu ya motsa a lokaci guda, to mun san tauraro ya mutu tun kafin kowa ya ɗaga kai ya gani.

Tankunan a cikin rami suke, ƙarƙashin dutse. A sarari wasu abubuwa na zubowa daga sama su cika su da hayaniya, kamar mai son jin raɗa a kasuwar Kankara ranar cinta.

Ka tambayi rana. Tauraron da muke jira yana iya fashewa gobe, yana iya kai shekara talatin. Na ƙarshe da aka gani da ido ya haura shekara ɗari uku da saba'in. Kuma saƙon duka bai wuce daƙiƙa goma ba. Wanda na'urarsa ke kashe ran nan, shi ke nan.

Wallahi Kawu, da akwai rami irin wannan a Yargoje, da ko kwana ɗaya ban ƙara a nan ba. Na gaji da taliya. Inna kuwa ba ta taɓa aiko mini in dawo ba, ko ta bakin Baraka. Na san da da damuwa, da na ji.

Ɗanka,
Gide

*

Kankara, 3 ga Maris, 1977

Ɗana Gide,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Yaya Larai tana gaishe ka, ko da yake ka san ita ba za ta faɗa da baki ba.

Na karanta takardarka sau uku. Maganar gungume da zoben ruwa ban kama ta duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma layi ɗaya na gane sarai. Yaro, shekara shida kana zaune ƙasar mutane saboda rami, kawunka kuwa rami ne sana'arsa! Me ya hana ka buɗe baki tun farko? Ko ka ɗauka Bature ya fi ni sanin ƙasa?

An fara. Ranar Litinin na sauke Mani, babban mahaƙina, da mutum takwas a gonar marigayi babanka, bayan gidan Yaya, wajen tsamiyar nan. Na zaɓi wurin da kaina. Ba hanyar mota, ba injin niƙa, ko jaki ba ya bi, don ka ce ba a son hayaniya. Faɗin bakin ƙafa goma sha biyu, yadda tanki zai shiga a sake. Mafi zurfin da na taɓa yi ita ce ta Sabuwa, gaba talatin da biyu, har yau ana zuwa kallonta. Taka gaba arba'in za a yi. Zoben siminti tun daga sama har ƙasa. Na janye mota ɗaya daga aikin makarantu tana ɗauko yashi. Tankunan kai za ka taho da su, ko ka aiko mani da awo, akwai mai walda a Funtuwa da ba abin da ba ya haɗawa. Wuta kuma janareta na nan.

Na je majalisa na zayyana wa Malam Lawwali komai. Na ce manzanni biyu ne, suna riga haske isowa. Ya ce shi dai abin da ya sani, ranar da taurari za su warwatse ba mai sauran zama ya duba tanki. Na ce Malam, wannan guda ɗaya ne, kuma yana da nisa. Ya ce Allah ya sa. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Na shaida wa Yaya. Na ce da an gama ramin nan, yaronki zai dawo ya yi aikinsa a bayan ɗakinki. Ta ci gaba da tsince wake. Amma da na tashi tafiya sai ta ce, "Barau, mutum nawa ne masu haƙar?" Na ce tara. Washegari fura ƙwarya biyu ta iso bakin rami.

Ka aiko da awon tanki maza.

Kawunka,
Alhaji Barau

*

Kankara, 17 ga Afrilu, 1977

Gide,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan lafiya, sai zafi.

Sati shida ke nan ba amsa. Kullum sai na bi ta gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mani kai tun daga nesa. In takardata ba ta iso ba, ga shi na sake faɗa: ana haƙa maka rami a Yargoje.

Mun wuce jar ƙasa, mun wuce marmara, a gaba goma sha ɗaya muka faɗa farar ƙasa mai santsi, ta so ta rufta da Mani, Allah ya kiyaye. A gaba goma sha tara muka iske dutse. Kwana tara ana dukansa diga na tsalle. Na je na nemo izinin nakiya da ƙyar, muka fasa shi. Yanzu muna ashirin da uku. Kowace safiya sai an zura fitila a gani ko za ta mutu kafin mutum ya sauka, don iskar ƙasa ta fara nauyi. Mahaƙa biyu sun gudu. Wai sun ji a kasuwa ramin na kama aljanun sama ne. Na sa wasu.

Ba na barci sosai, Gide. Damina na tafe, in ruwan sama ya riske mu kafin a ɗaure zoben ƙasa, aikin ya lalace. Ina barin aikin gwamnati ina zuwa Yargoje sau uku a sati, har injiniya ya aiko yana tambaya ko na yi sabuwar mata can.

Maganar Yaya. Ta sa an kai mata tabarma gindin tsamiya. Baraka ta dawo wurinta da zama, da hantsi ita ke riƙo ta, ta zauna tana kallon kwandon ƙasa na fitowa har azahar. Kullum tambayarta ɗaya: "Gaba nawa yau?" In an faɗa mata sai ta lissafa saura da yatsu. Ba ta cewa raminka. Sai dai ta ce "ramin mutumin nan", ko "aikin na wajen Turawa". Ka san ɗan fari, tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba. Ni da ta goya ni bayan rasuwar uwarmu, sunana har ta gaji da kira. Kai ko sau ɗaya.

Wani abu kuma. Ta raba awakinta. Uku ta ba Baraka, ɗaya ta ba matar Mani. Tasoshinta na jere ta sauke ta ba jikoki. Na ce Yaya, mene ne haka? Ta ce sun cika mata ɗaki.

Ka amsa mani ko layi biyu ne. Murabba'i ne tankin ko zagayayye?

Alhaji Barau

*

Torino, 2 ga Mayu, 1977

Kawu Alhaji,

Allah ya ba ka haƙuri. Ina can wurin dutse tun farkon Maris, muna haɗa sababbin tankuna, wasiƙu kuwa a birni suke jira. Yau na sauko na tarar da naka guda biyu.

Kawu, don Allah a tsayar da haƙar nan yau, kafin wani ya mutu a ciki. Laifina ne. Wasa na yi, ban faɗi zurfin ba. Dutsen da ke bisa kanmu ya kai gaba dubu. Dubu, Kawu. Ba haƙa shi aka yi daga sama ba, hanyar mota ce aka huda ta cikin dutsen, muka samu ɗaki a gefenta. Gaba arba'in ba za ta tare komai ba, daidai take da a ajiye tankin a tsakar gida. Kuma tankunan ba nawa ba ne, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mu talatin ne, da na'urorin da ko a nan da ƙyar ake samu.

Ban san da wane baki zan gode ba, ban kuma san da wane zan ba da haƙuri ba. Ba wanda ya taɓa yi mini abu irin wannan.

Batun dawowa, a ƙara mini lokaci. Sababbin tankunan sai ƙarshen shekara za su daidaita, kuma ni na san lagonsu. In na tafi yanzu abin ya zo, ba zan yafe wa kaina ba. Raba awaki kuwa ai halin Inna ne, tun muna yara ba ta iya riƙe abu. A kai ta asibiti a duba ƙafar. Ka lallashe ta, ka ce ina nan tafe in an kwana biyu.

Ɗanka,
Gide

*

Kankara, 24 ga Mayu, 1977

Dokta Gide,

Takardarka ta iso. Muna lafiya.

Gaba dubu. Na gode. Da ka rubuta wannan kalma biyu a watan Fabrairu, da ban zama abin nuni da baki ba daga nan har Faskari. Ka yi shafi biyu kana ba ni labarin gashi da zoben tafki, awo ɗaya da mai haƙa ke buƙata ka bar shi. A wurinmu wanda ya ba da aiki bai faɗi zurfi ba, shi ne bai san aiki ba, ko da hula mai tuntu. Kuma ba a yi mani wasa da rami. Mutum uku na binne a sana'ar nan.

Ba sai ka ce a tsaya ba, ƙasa ta riga ka. Kwana huɗu kafin takardarka ta zo, a gaba ashirin da bakwai, Mani ya aiko da kwando na ga ƙasar ta yi duhu. Na damƙa, na sansana, na san abin da ke tafe tun ba a ga ɗigo ba. Na ce su fito. Kafin la'asar ruwa ya kai ƙugu, washegari ya shanye tsani biyu. Shekara ashirin da biyar ina roƙon Allah ruwa a ƙasan rami, ran nan ne kaɗai na gan shi na ji kamar in yi kuka. Na kawo injin ja, kwana biyu yana ja, ruwan ko gezau. Ina cikin tunanin yadda zan toshe idon da siminti sai ga takardarka.

Malam Lawwali ya ce ai tauraron ya fashe, a ƙasa ya fito. Na bar shi ya ci wannan. Matan Yargoje da ke tafiya mil biyu rafi tuni sun kafa layi da tuluna, ba wanda ya nemi izinina.

Yanzu ka ajiye duk abin da ke hannunka ka karanta wannan da kyau.

Ban gaya wa Yaya abin da ka rubuto ba. Ranar Talata aka ɗaure bakin rijiyar, aka sa mata marfi. Yaya ta ce a kai ta. Ba ta iya takawa yanzu, a kujera muka ɗauke ta ni da Mani. Na kai ta asibiti tun kafin ka ce, likita ya ce ba ƙafa ba ce, zuciya ce ta gaji, ya ba da ƙwayoyi, ya kalle ni irin kallon da na gane. Mata sun fi talatin a wurin. Baraka ta ja guga ta zuba mata a ƙoƙo. Ta sha, ta ce ruwan da daɗi. Ta ce, "Barau, an gama ke nan?" Na ce an gama, Yaya. Me zan ce?

Sai ta ce, "To, yaushe Gide zai zo?"

Haka ta faɗa. Da sunan, a gaban mutane. Igiya ta kuɓuce wa Baraka, guga ya koma ƙasa, muka ji faɗuwarsa. Tsofaffin matan nan duk suka sunkuyar da kai, wata ta kama salati. Ita kuwa ko a jikinta, ta zuba mani ido tana jiran amsa. Shekararka ashirin da tara. Ranar sunanka ma, ina tsaye, da aka faɗa sai ta juya wa bango fuska.

Ka ce ba ta taɓa aiko maka ka dawo ba. Kai ɗan ina ne? Da wane baki za ta aiko? Ta raba awaki, ka ce halinta ne. Ta sauke jere, ka ce a duba ƙafa. Kai ka koya mani cewa kafin a ga mutuwar tauraro da ido akwai saƙon da ke riga isowa daga ciki, kuma wanda bai saurara ba ran nan, shi ke nan. Ni ban yi karatunka ba, amma na san danshin ƙasa kafin ruwa. Ku talatin ne a kan tankin nan. Ita kai ɗaya gare ta namiji.

Na ce mata za ka iso kafin a yi noman farko. Na riga na faɗa a gaban jama'a, kuma ban saba faɗin ranar gama aiki in saɓa ba. Ba zan ƙara rubutawa ba.

Barau

*

Torino, 5 ga Yuni, 1977

Kawu,

Na karanta. Na ba abokin aikina makullin ɗakin tankuna da littafin lura, na nuna masa duk abin da na sani. Shugabanmu ya tambaye ni kwana nawa zan yi, na ce ban sani ba. Ya ce in abin ya zo ba na nan fa? Na ce su rubuto mini, a akwatin gidan wayarka.

Jirgina zai sauka Kano ranar Talata, sha huɗu ga wata, da safe. Kada a tsaya da ni Kankara, mu wuce Yargoje kai tsaye. A ce wa Baraka ta ajiye mini ruwan rijiyar a randa. Ka ce wa Mani ina neman gafararsa, kai kuma sai na durƙusa a gabanka.

Abu ɗaya nake roƙo, Kawu. Kada ka gaya wa Inna ka faɗa mini ta kira sunana. In na shigo ta juya wa bango fuska, a bar ta.

Ɗanka,
Gide